TITIN TUKUR-TUKUR: A TAMBAYI MAI ƊAKI KAFIN KATAFILA TA ISO

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, 'yan kasuwa da masu sana'a, yau muna da magana da ku a kan titi. Tun watan Yuni na 2019, sa'ad da Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta biranen Kaduna da Zariya da Kafancan, zancen faɗaɗa hanya bai fita daga bakin mahukunta ba. Gwamnati ta sauya hannu a 2023, amma hanyoyin Zariya masu jiran gyara suna nan da yawa, kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da alkawarin titi yake zuwa. Saboda haka mutanen Tukur-Tukur da na Ƙofar Kibo su kwana da shirin cewa ko ba jima ko ba daɗe safiyo zai iso ƙofar gidajensu da igiyar awo da jan fenti. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi maganar tun yanzu.

Kada wani ya je ya ce jam'iyyarmu tana ƙin titi. Wa ya fi talaka shan wuyar mummunar hanya? Shi ne mai tura kura cikin taɓo, matarsa ce ake ɗauka a Keke Napep tana naƙuda ana faɗawa rami, kayansa ne ke lalacewa kafin ya kai kasuwa. Muna son titi, muna kuwa son a yi shi da wuri. Abin da muke nema guda ɗaya ne: kafin a sa katafila, a auna ɓarnar da aikin zai yi wa ruwa da ƙasa da itatuwa da abincin mutane, a rubuta, a karanta wa jama'a da harshen da suke ji, a saurari amsarsu. Wannan kuwa ba alfarma muke roƙo ba, doka ce ta ƙasa.

Ga asalin dokar. A 1988 aka gano wasu 'yan kasuwa sun kwaso dubban gangunan guba daga Italiya sun jibge a garin Koko, wanda yau yake cikin Jihar Delta. Abin ya tayar da hankalin ƙasa, har Gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 1992 kuma ta fitar da Doka mai lamba 86, wadda ta ce ba Gwamnati ba, ba kamfani ba, babu mai fara aikin da zai iya taɓa muhalli ƙwarai sai an fara binciken illarsa. Dokar ta ce a ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu kafin a yanke hukunci. Bisa ƙa'idar da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke bi, akan ajiye rahoton binciken a fili har kwana 21 na aiki, a ofishin ma'aikatar da na jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma, a yi shela a jarida da rediyo, domin duk mai ƙorafi ya kawo.

To, jama'a, mu tambayi juna tsakani da Allah: a cikinku wa ya taɓa ganin irin wannan rahoto da idonsa? Littafi ne mai kauri, da Turancin injiniyoyi, a kulle cikin kabad ɗin wani ofis. Kwana 21 su zo su wuce, mai sayar da ƙosai a bakin hanya ba ta ji ba, ba ta gani ba. Sa'an nan a rubuta cewa an tuntuɓi jama'a ba wanda ya yi ƙorafi. An cika harafin doka ke nan, an bar manufarta a baya.

Mun san abin da za su ce. Za su ce titin cikin gari bai kai girman babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ba, don haka ba ya bukatar dogon bincike. Amsarmu ita ce ba tsawon titi kaɗai ake dubawa ba, ana duba inda zai bi. Aikin da zai ratsa gindin dutse, ya gifta mashigar ruwa, ya goga ganuwar birni, ya bi ta tsakiyar gidajen ƙasa masu cunkoso, ba ƙaramin aiki ba ne ko da bai kai mil ɗaya ba. Tukur-Tukur kuwa ta haɗa waɗannan duka. Abubuwa huɗu muke so rahoton ya amsa dalla-dalla.

Na farko, ruwa. Ƙasar Zariya takan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, watau wajen inci 40, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Dutsen Tukur-Tukur ba ya shan ruwa, abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi. Kwalta ma haka take. Ku yi lissafi da mu: titi mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 20, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, zai tara lita 1,000,000, watau duro 5,000 na lita 200. Da can ƙasa na shanye wani kashi, kududdufai na riƙe wani. In an shafe ƙasar da kwalta, aka cike kududdufin don a sami fili, ina duro 5,000 ɗin nan za su? Ɗan kwangila ya saba ɗaga titi sama da dandaɓen gidaje, ya gina lambatu mai kyau a inda manya za su gani ranar buɗewa, ya bar bakinsa a buɗe a bayan unguwa. Nan ruwan zai sauka, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna, ya cika masai ya kwashe ƙazanta ya kai rijiya. Daga nan sai amai da gudawa. Lalle rahoton ya nuna a taswira inda kowane lambatu zai fara da inda zai ƙare, har ruwan ya sami rafin da zai kai shi Kubanni ko Galma, da girman kowane kwalbati. A kuma tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa ke bi a shekarar da damina ta yi ƙarfi, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, ganuwa da ƙofofi. Ganuwar Zazzau ta kewaye birni wajen mil 10, ga ƙofofinta irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kibo da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. Abin da ya rage daga cikinta kaɗan ne, masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci sauran. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano, ƙofa mai shekaru ɗaruruwa, domin faɗaɗa titi, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi ta kuka bayan aikin gama ya gama. An sake gina wata a wurin, amma ta kakanni ta tafi har abada. Kada a maimaita wannan a Zazzau. A gayyato hukumar nan tun ana zane a takarda, ta shata iyakar da katafila ba za ta ƙetare ba. Haka nan a lissafa maƙabartu da masallatai da makarantun allo da ke kan layin. Tukur-Tukur ba wurin banza ba ce: nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan da suka koya wa Arewa karatun boko da Hausa. Abin kunya ne a ce a unguwar da ta buga wa Arewa jarida da Hausa za a kawo takardar da ta shafi gidajen mutane da Turanci kaɗai.

Na uku, itatuwa da ƙura da ramuka. Zariya garin rimi ne, sunayen unguwanni ma shaida ne, ga Rimin Tsiwa ga Rimin Doko. Itacen da ya shekara 100 yana tsaye, injin yanka zai kayar da shi kafin azahar. Ƙarƙashinsa kuwa akwai mai faci da mai wanzanci da mai sayar da rake, inuwar nan ita ce rumfarsu. A ƙidaya itatuwan da za a sare, a faɗi dalilin kowane, a faɗi nawa za a dasa da wanda zai shayar da su har su kama. Sa'an nan ƙura: in aka kankare hanya da rani aka bar ta wata da watanni tifa na kai da kawo, mai tsire da mai fura da mai garin tuwo sun tashi daga ciniki, yara da tsofaffi kuma sai tari. A sa cikin takardar kwangila cewa tankar ruwa za ta riƙa yayyafi safe da yamma. Ramin da za a haƙa don ɗibar marmara kuma a faɗi inda yake, a kuma ɗaure ɗan kwangila ya cike shi kafin a biya shi kuɗin ƙarshe, don kada ya zama tafkin sauro da tarkon yara masu wanka.

Na huɗu, wanda ya fi taɓa masu karanta wannan jarida, abincin 'yan kasuwa. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ta ce a biya diyyar gini da shuka da ke kai. To, mai tebur fa? Mai shayi, da mai kayan miya, da ɗan tireda mai haya, da yaron shago, ba su da takardar fili, ba su da gini. A idon mai ƙiyasta diyya kamar ba su nan, alhali kowannensu da bakuna biyar ko goma a bayansa. Ku tambayi 'yan Kasuwar Barci ta Kaduna, wadda aka rushe a 2020, yadda rayuwa takan zama tsakanin ranar rusau da ranar da sabon shago zai samu, da kuma ko kowa ne ke iya kuɗin sabon. Bankin Duniya ma, wanda ba jam'iyyar talakawa ba ne, ƙa'idarsa ta ce a aikin da ya ba da rance dole a taimaka wa wanda aka tayar ko ba shi da takardar mallaka, a kuma maido masa da hanyar cin abincinsa. In baƙo mai ba da bashi ya san wannan, Gwamnatin da muka zaɓa ba ta da hujjar rashin sani. A ƙidaya kowane mai sana'a da sunansa kafin a shafa jan fenti, a nuna masa inda zai koma, wurin da masu saye ke bi, kuma a biya kafin a rushe. Bayan an gama titi, a sa wurin tsallakawa da tudun rage gudu a gaban makarantu da masallatai, gama hanya mai santsi gudu take kira.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ke nema daga Gwamnatin Jihar Kaduna, da hukumar hanyoyi ta KADRA, da hukumar tsara birane ta KASUPDA, da hukumar kare muhalli ta KEPA, da Ƙaramar Hukumar Zariya. Duk titin da za a taɓa a Tukur-Tukur da kewayen ganuwa, a yi binciken illarsa tun kafin a ba da kwangila. A fassara taƙaitaccen rahoton da Hausa, boko da ajami. A manna taswirar a ƙofar gidan mai unguwa da bakin kasuwa. A yi shela a rediyo da masallatan Juma'a ranar da kwana 21 za su fara. A kira taro a fili cikin unguwa, a ware wa mata nasu zama, tun da su ne masu sana'ar cikin gida da ruwa ke fara ci. A rubuta kowane ƙorafi da amsar da aka ba shi. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau da hakimai da masu unguwanni su tsaya a kan wannan, gama ganuwar da ƙofofin amana ce a hannunsu.

Ku kuma, 'yan'uwa, akwai naku aikin. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta buɗe littafi tun yau, ta rubuta sunan kowane mai rumfa da mai tebur, da irin sana'arsa, da shekarun da ya yi a wurin. Masu gidaje su adana takardunsu, su ɗauki hoton gini da waya. In kun ga safiyo, ku yi masa sallama da mutunci, ku tambaye shi wace hukuma ta aiko shi, ina rahoton yake. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kada kuma kowa ya ɗauki dutse ko ya zagi lebura, shi ma talaka ne yana neman na tuwo. Ku tafi sakatariya a ƙungiyance, da takarda a rubuce, ku karɓi shaidar an karɓa. Ofishin jam'iyya na mazaɓa a buɗe yake ga mai son a rubuta masa.

Tun 1950 da aka kafa NEPU, su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya suka sha ɗauri da wulakanci don talaka ya sami bakin tambayar mai mulki. Yau dokar ƙasa da kanta ta ba ku wannan baki a kan maganar titi. In kuka yi shiru har kwana 21 suka wuce, za a rubuta cewa kun yarda.

Allah ya ba mu titi mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da sana'o'inmu, amin.