Beethoven Ba Na Masu Agogo Ba Ne

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu sharhin kiɗan Turawa na dauri, har sabon mai saurare yana karɓarta ba tare da tambaya ba. Wai in za ka zaɓi faifan simfonin Beethoven, nemi na madugun da ya bi lambobin saurin da mawallafin ya rubuta, ya tara makaɗa kaɗan, ya ba su kayan kiɗa irin na wancan zamani: goge mai tsirkiyar hanji, ƙaho marar maɓalli, tambarin fata da ake bugawa da sandar itace. Wannan, in ji su, shi ne Beethoven na ainihi. Tsofaffin madugai su Furtwängler da Klemperer da Karajan kuwa wai nauyi suka ɗora wa kiɗan, suka cusa masa son zuciyarsu. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin tarihin da su kansu suke tinƙaho da shi.

Ga wanda bai saba da harkar ba, simfoni kiɗa ne rubutacce. Mawallafi ya zana shi a takarda ya tafi, makaɗa sittin ko ɗari su zauna, madugu ya tsaya gabansu da 'yar sanda. Shi ke yanke sauri, shi ke cewa wane sauti zai fito fili, wane zai koma baya. Shi ya sa Simfoni na 9 na Beethoven bai cika minti 60 ba a hannun John Eliot Gardiner, ya ci kusan 65 a hannun Toscanini a 1952, ya kai 74 a hannun Wilhelm Furtwängler a Bayreuth a 1951, sannan Karl Böhm ya ja shi zuwa wajen 79 a 1980. Takardar ɗaya ce, amma tazarar ta kusa minti 20.

Masu agogo, wato masu bin lambobin sauri, sun ce gardamar ta ƙare tun da Beethoven ya bar lambobi. Gaskiya ne ya bari. Johann Mälzel ya yi rajistar metironom, na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa a minti, a 1815, kuma a ƙarshen 1817 wata mujallar kiɗa ta Leipzig ta buga lambobin da Beethoven ya sa wa simfoni takwas na farko. Sai dai a duba shekarun. Simfoni na 3, wanda ake kira Eroica, ya rubuta shi ne tsakanin 1803 da 1804, wato shekara goma sha uku kafin ya laƙa masa lamba. A lokacin kunnensa ya kusa mutuwa gaba ɗaya, domin daga 1818 sai dai baƙi su rubuta masa magana a littafi. Mutumin da ke jin kiɗa cikin kansa ba ya jin amsa-kuwwar zaure, ba ya jiran mai busa ya ja numfashi, ba ya fama da goge sittin da sai sun sauka tare. Kuma shi da kansa, a gefen wata waƙa da ya rubuta a wannan shekara ta 1817, ya sa lamba 100 sannan ya yi gargaɗi cewa ta farkon waƙar ce kawai, don shauƙi ma yana da nasa saurin. Masu ɗaga lambobinsa kamar doka ba su cika son a tuna musu da wannan ba.

Abin da ya faru da Roger Norrington ya isa darasi. Shi da ƙungiyarsa ta London Classical Players suka fitar da Simfoni na 9 a 1987, aka yi ta shelar cewa yau an ji abin da Beethoven ya nufa. A kashi na ƙarshe akwai wani takun soja inda mawaƙi ɗaya ke shigowa, kuma takardar da aka saba bugawa ta ba shi lamba 84 a kan gajeren bugu. Norrington ya bi, takun ya fito a sanyaye, yana jan ƙafa, masu sharhi suka ce ai mu ne kunnenmu ya lalace. Daga baya masu binciken rubutun, ciki har da Jonathan Del Mar wanda ya shirya bugun kamfanin Bärenreiter, suka nuna cewa alamu sun fi karkata ga kuskure wajen kwafa: Karl, ɗan ƙanin Beethoven, shi ya riƙa rubuta lambobin a 1826, kuma 84 ɗin ta dogon bugu ce, wato ninki biyu na saurin. Gardiner, a faifansa da ya fito a 1994, ya zuba takun a guje. Madugai biyu, kowa na rantsuwa da ainihi, ɗaya ya ninka ɗaya. Tsofaffin da ake zagi kuwa, waɗanda suka bi kunnensu, tuntuni suna wani wuri a tsakani.

Batun yawan makaɗa ma haka yake. Eh, an gwada Eroica a gidan Yarima Lobkowitz a Biyana da mutane ƙalilan, domin ɗakin iyakar abin da zai ɗauka ke nan. Amma ranar 27 ga Fabrairu 1814, da aka fara kaɗa Simfoni na 8, Beethoven ya rubuta adadin da hannunsa: masu ƙaramin goge 36, masu matsakaici 14, masu babba 12, masu mafi girma 7. Wannan taro ne da Karajan ba zai raina ba. Inda ya samu kuɗi da wuri, Beethoven jama'a yake tarawa.

In kuma ana nufin mu ji abin da mutanen farko suka ji, to a yi hattara da abin da ake roƙo. Ranar 22 ga Disamba 1808 aka fara kaɗa Simfoni na 5 da na 6 a Theater an der Wien, cikin zaure mai sanyin tsiya, a taron da ya ci awa huɗu, da makaɗan da ba su yi gwajin kirki ba. Kiɗan ƙarshe na daren ya wargaje a tsakiya, dole aka tsaya aka sake. A 1824, daren Simfoni na 9, Beethoven yana tsaye yana kaɗa hannu, amma Michael Umlauf, ainihin madugun, ya riga ya gaya wa makaɗa kada su bi shi. Jama'a sun yi ta tafi kafin a kai ƙarshe. Ba wanda ya taɓa sayar da faifai irin wannan. Abin da ake sayarwa da sunan ainihi kiɗa ne da aka ɗauka a situdiyo, aka yanka aka haɗa har ba kuskure ko ɗaya, abin da ba a taɓa ji ba a Biyana ta zamanin Beethoven.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta mawallafan da suka riski zamanin ɗaukar sauti. Stravinsky, wanda ya fi kowa ƙorafin cewa madugai na ɓata masa aiki, ya ɗauki The Rite of Spring da kansa a 1929 da 1940 da 1960, kuma saurin ba ɗaya ba ne, bai ma tsaya kan lambobin da ya rubuta ba. Edward Elgar ya jagoranci Simfoninsa na 2 a 1927 da na 1 a 1930, masu goge suna zamewa daga sauti zuwa sauti, yana ƙara sauri yana ragewa yadda ya ga dama. Ga mawallafi ga faifansa, amma madugan yau ba sa kwaikwayonsa, don salon ya yi musu tsufa. Almajiran mawallafi ma haka suke: Bruno Walter da Otto Klemperer duka sun zauna gaban Gustav Mahler. Walter ne ma ya fara kaɗa Simfonin Mahler na 9 a 1912, bayan rasuwar Mahler. Faifan Walter na Janairun 1938 a Biyana wajen minti 70 ne, yana ci kamar wuta. Na Klemperer na 1967 ya haura 80, daskararre, ba lallashi. Wane ne a cikinsu ya yi wa malaminsa ƙarya? Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Shata a ɗauka daban-daban ya san amsar: ba ya maimaita ta iri ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ce ɗaya ce ta gaske sauran jabu.

Richard Taruskin, masanin kiɗa ɗan Amurka, ya faɗi abin da ke ƙasa a littafinsa Text and Act na 1995. Salon da ake kira na tarihi, mai sauri, mai tsabta, marar jan rai, ɗanɗanon ƙarni na 20 ne aka sa wa tsohuwar riga. Zan ƙara da cewa ya zo daidai da bukatar kasuwa. Faifan CD ya fito a 1982, Karajan kaɗai ya ɗauki simfonin Beethoven tara gaba ɗaya har sau huɗu, kuma kamfanoni na neman dalilin da zai sa mutum ya sake sayen abin da yake da shi a gida. Kalmar ainihi ta yi musu wannan aiki.

Ba ina cewa waɗannan mutane ba su tsinana komai ba. Sun tsinana. Sun sa an ji sarewa da ƙaho da a da goge ke dannewa, sun dawo da tambari mai kaifi, sun tuna mana cewa Simfoni na 1 da na 2 aikin saurayi ne. Nikolaus Harnoncourt, da ya ɗauki tara ɗin da Chamber Orchestra of Europe a 1990 da 1991, ya haɗa sabbin kayan kiɗa da tsohon kakaki, kuma faifansa na cikin waɗanda nake komawa gare su. Amma daɗinsu daga basirar Harnoncourt yake. A yabe shi a matsayin madugu mai ra'ayi, kamar yadda Klemperer yake mai ra'ayi, a daina ce mana ya zo da wasiƙa daga kabari.

To da me za a zaɓa? Da kunne, a wuraren da madugu ba shi da maɓoya. A Simfoni na 5, saurari gadar da ke tsakanin kashi na uku da na huɗu: tambari na bugawa ƙasa-ƙasa, goge na rarrafe cikin duhu, sannan komai ya fashe, kakakin tagulla uku da suka yi shiru tun farko su shigo. Carlos Kleiber da makaɗan Biyana a 1974 sun riƙe wannan wuri har sai ka manta da numfashi, kuma ba su tambayi agogo ba. A Eroica, je kashi na biyu, takun jana'iza, ka ji yadda Klemperer a 1959 yake aza sauti kan sauti a hankali ba tare da igiyar ta saki ba. Jinkiri ba laifi ba ne in akwai abin da ke jan ka gaba, sauri kuma ba rai ba ne in gudu kawai ake yi. A Simfoni na 9, minti na farko ya isa: Toscanini yana sa ka ji kowace ƙwayar sauti, Furtwängler yana sa abin ya taso kamar daga babu. Faifan Furtwängler na 29 ga Yuli 1951 yana da aibi, mai ƙaho ya yi tuntuɓe a kashi na uku, a ƙarshe kuma gudun ya fi ƙarfin makaɗan. Duk da haka na fifita shi kan faifai goma marasa kuskure. Wanda ya ƙi Furtwängler saboda ya zauna a Jamus ta Hitler yana kaɗa wa manyan gwamnatin, har aka ɗauki hotonsa yana musabaha da Goebbels a 1942, yana da dalilin da nake girmamawa. Wanda ya ƙi shi saboda bai bi lamba ba, ba shi da shi.

Yau duk waɗannan faifai suna cikin wayarka, a YouTube ko Spotify, ba sai ka sayi ko ɗaya ba. Ɗauki simfoni guda, saurari kashi ɗaya a hannun madugai uku, tsoho da na tsakiya da na masu agogo, kafin ka karanta abin da kowa ya rubuta a kansu, har da ni. Wanda ya hana ka tashi daga inda kake zaune, shi za ka riƙe.