In Kiɗa Ya Sake, Wa Zai Sake Rawa?

Wannan mako zancenmu na makaɗa ne, amma ina fata malami da akawu kowa zai tsinci nasa rabo a ciki.

A birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, cikin shekarar 2004, waɗansu samari huɗu suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka sa mata suna Panic! at the Disco. A 2005 suka fid da faifansu na fari, mai suna A Fever You Can't Sweat Out. Kiɗa ne mai sauri, ga ƙarar na'urorin lantarki, ga kalmomi bisa kalmomi har mawaƙi bai cika samun wurin numfashi ba. Samari da 'yan mata suka yi ta rububinsa, aka sayar da fiye da miliyan guda. A 2006 kuwa hoton wata waƙarsu ya ci babbar kyautar MTV ta shekara.

To, mai neman kuɗi kaɗai da sai ya sake dafa irin miyar jiya. Su ba su yi haka ba. A 2007 suka keɓe kansu a wani gida cikin duwatsun Nevada, suka tsara waƙoƙi, suka saurara, ba su gamsu ba, suka watsar da su. Sa'an nan suka koma ga irin kiɗan Beatles na shekarun 1960, watau jita da goge da ƙahoni, da waƙa a natse. Har London suka je, ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road, inda Beatles suka yi yawancin aikinsu. A watan Maris 2008 faifai na biyu ya fito, Pretty. Odd. Hatta alamar motsin rai da ke cikin sunansu sai da suka cire.

Faifan ya hau matsayi na biyu a jerin Billboard na Amurka, amma cinikinsa bai kama ƙafar na farin ba. Waɗansu masoyansu suka yi gunaguni, wai an sake musu makaɗa. Ni dai ban ga laifin samarin a nan ba. Wanda ya yi suna yana ɗan shekara goma sha takwas, ba a ce masa ya zauna a nan har furfura.

Inda gizo ya yi saƙar, cikin gida ne. Ryan Ross, mai jita da tsara yawancin baitoci, yana so a zarce kan sabuwar hanya. Brendon Urie, mai rera waƙa, hankalinsa ya karkata ga kiɗan zamani. A watan Yuli 2009 Ross da Jon Walker suka fita, suka kafa tasu ƙungiya. Urie da Spencer Smith suka riƙe tsohon suna, suka mai da alamar nan. A ƙarshe Urie kaɗai ya rage, shi ma ya rufe shago a 2023.

Kun ga ashe gunagunin 'yan kallo bai raba su ba, sai da bango ya tsage daga ciki. Saboda haka duk masu aikin tarayya, in za ku sake hanya, ku fara zama ku daidaita kan inda aka nufa, da kuma abin da za a yi in kasuwa ta ƙi. Allah ya ba mu abokan tafiya masu shawara, amin.