Nasiha ga Malamai da Attajirai a kan Marasa Makwanci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yi wa bayinsa ni'ima da gidaje domin su sami natsuwa a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga malamai ma'abota allo da littafi, da attajirai ma'abota saye da sayarwa, a kan bayin Allah da dare ke riska a birnin Kano ba su da ɗakin da za su shiga su rufe ƙofa.

Duk wanda ya taɓa fita da asuba cikin hunturu ta wajen Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar Sabon Gari ya ga 'yan dako da almajirai kwance a gindin shaguna bisa kwali, wasu kuma a tashar mota ko ƙarƙashin gadar sama. Waɗannan su ne ido ke gani. Akwai kuma waɗanda kunya ta ɓoye: matar da mijinta ya rasu, wa'adin haya ya cika, mai gida ya ce ta kwashe kayanta, da magidancin da ke zaune shi da matarsa da 'ya'yansa maza da mata, har da baligai, cikin ɗaki guda, alhali kuwa shari'a ta yi umurni da a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10.

Sanadin wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano kimanin 130,000 ne, yau kuwa an ƙiyasta sun haura miliyan 4. Fitinar da ta tashi a Barno tun 2009, da ta 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, sun koro mutane daga ƙauyukansu zuwa birane. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sai siminti da kwano da katako suka yi tsada, masu gidaje suka ƙara kuɗin haya. Hayar nan kuwa ta shekara ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, alhali mai neman ɗakin samunsa na yini ne. Har wa yau, idan mai babban gida ya rasu, sau da yawa magada kan sayar da gidan su raba kuɗi, wanda ya saya ya rushe ya gina shaguna, kason kowane magaji kuwa ba ya sayen ko fili a bayan gari. Zauren da baƙo da almajiri ke kwana a cikinsa shi ma an fasa masa ƙofa ta waje, an mai da shi kanti.

Da can ba haka birnin ya ke ba. Ayarin Buzaye idan ya iso ya kan sauka a Fagge, falke kuwa ya kan sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki da wurin ajiye kaya, a haɗa shi da masu saye. Fataken goro na zamanin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, idan sun isa Salaga ko Kumasi zango su ke nufa, su sami mai gida Bahaushe ya sauke su. Watau kakannin manyan attajiran yau da yawansu a ɗakin wani suka fara kwana kafin su yi nasu. Wanda aka buɗe wa kakansa ƙofa bai kamata ya kasance shi ne mai rufe ta ba.

Malamai sun fi kowa sanin asalin wannan a cikin addini. Sa'ad da Muhajirai suka isa Madina ba su da gida, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru, aka sauke su. Waɗanda ba su da iyali ko masauki aka yi musu rumfa a ƙarshen masallaci, su ne Ahlus Suffa, Abu Huraira na cikinsu. Sa'an nan Sayyidina Umar ya sami ƙasa a Haibara, Annabi ya nuna masa ya tsare asalinta, kada a sayar, kada a bayar kyauta, kada a gada, amfaninta kuwa ya zama sadaka. Wannan shi ne hubusi, wanda ake kira waƙafi. Imamu Buhari ya ambata cewa Zubairu ɗan Awwamu ya yi hubusin gidajensa domin wadda aurenta ya mutu daga cikin 'ya'yansa ta zauna ciki har ta sake aure, Abdullahi ɗan Umar kuma ya mai da rabonsa na gidan mahaifinsa mazaunin mabukata daga zuriyarsa. Ibnu Majah ya ruwaito hadisin da ke lissafa ayyukan da ladarsu ke bin mumini bayan mutuwarsa, a cikinsu aka jera ginin masallaci da ginin ɗaki domin matafiyi, ɗaya kusa da ɗaya.

To, a nan ne abin lura ya ke. Attajiran Kano ba su yi rowa wajen ginin masallaci ba, Allah ya saka musu da alheri. Amma fa a wasu unguwanni ladanai uku ko huɗu ke kiran salla muryoyinsu na haɗuwa, sahun Asuba kuwa a kowane masallaci bai cika biyu ba. Bayan Lisha sai a kulle masallatan sabo da ɓarayin lasifika, wanda ya yi salla a sahun farko ya fito ya shimfiɗa buhu a ƙofa. Unguwar da ta wadatu da masallatai, sabon gini a cikinta ya fi dacewa ya zama ɗakunan hubusi. Alhajin da ya yi niyyar gina masallaci na biyar a layin da ke da huɗu, lalle ya kamata limaminsa ya gaya masa gaskiya, ya karanta masa hadisin Ibnu Majah har ƙarshensa. Laifin rashin sanin wannan babi ya fi nauyi a wuyan malamai, domin Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta kawo hukuncin hubusi tare da na kyauta da sadaka, Muhtasar na Halilu kuma ya ware masa babi, amma da wuya a ji shi a huɗubar Juma'a ko wurin tafsirin azumi.

Mazhabar Imamu Malik kuwa ta sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. A wurin Malikiyya ba sharaɗi ba ne hubusi ya dawwama. Mutum na iya tsare gidansa shekara 10 ko 20 domin marayu, wa'adi ya cika ya koma hannunsa ko hannun magadansa. Har wanda ya kama gida haya ya halatta ya yi hubusin amfaninsa tsawon kwanakin hayar. Sabo da haka ƙofar a buɗe ta ke ga mai rumfa guda a Kurmi kamar yadda ta ke a buɗe ga mai manyan motoci. 'Yan layi guda a kasuwa na iya haɗa kuɗi su kama gida domin 'yan dakon da ke ɗaukar musu kaya, tun da ya ke hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce samar da gidaje aikin hukuma ne. Gaskiya ne akwai nauyi a kanta, musamman da ya ke dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana, Jihar Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Hakkin jama'a ne su nemi gwamnati ta ware filayen hubusi a kowace sabuwar unguwa da aka yanka, ta kuma yafe kuɗin takarda a kansu. Amma haƙƙin maƙwabci ba ya saraya domin hukuma ta yi jinkiri, kuma gidajen da gwamnatoci ke ginawa galibi sayar da su ake yi da kuɗin da ɗan dako ba ya ko mafarkinsa.

Wani kuma zai ce hubusi cinye shi ake yi da zarar mai shi ya kwanta dama. Wannan tsoro yana da dalili, maganinsa kuwa na cikin littattafan fiƙihu. Sai mai hubusi ya fitar da gidan daga hannunsa tun yana da lafiya, domin a mazhabar Malik idan ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin a karɓi gidan, hubusin ya ɓaci. Wanda ya jinkirta sai a wasiyya kuwa ba shi da iko da abin da ya wuce sulusin dukiyarsa. A rubuta takarda gaban alƙali da shaidu adalai, a bayyana waɗanda za su zauna da tsawon zamansu, a naɗa mai kula amintacce, a ajiye kwafin takardar a kotu da wurin hakimi da wurin limami, a kuma riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Ya fi kyau gidan ya kasance da shaguna a fuskarsa, misali ɗaki 10 a ciki da shago 3 a waje, hayar shagunan ta riƙa gyaran rufi da yashe masai, domin malamai sun ce gyaran hubusi shi ake fara fitarwa daga abin da ya samar, kafin a raba wa kowa.

Hubusin da aka tsare da rubutu ya kan yi tsawon rai. A ƙarni na 13 na Miladiyya mahajjatan Kanem sun ba wani alƙali Bamalike mai suna Ibnu Rashiƙ dukiya ya gina makaranta a Misra, ta zama masaukin mutanensu, suka riƙa aika mata da kuɗi daga gida. Ko a wurin Kiristoci akwai abin koyi. A birnin Augsburg na ƙasar Jamus wani attajiri mai suna Jakob Fugger ya rubuta takardar tsare wata unguwa domin matalautan garinsa a 1521, har yau kuwa ana zaune a gidajen, hayar shekara ba ta kai Yuro 1 ba. Shekara 500 ta wuce, yaƙi ya rushe sashen unguwar an sake ginawa, sharaɗin mai ita bai canja ba.

Game da tsoron saukar da ɓata-gari, wannan ma ba sabon abu ba ne. Fatoma ba ya saukar da wanda ba a san madugunsa ba. A sa mai unguwa da limami su tantance mai neman ɗaki, shugaban 'yan dako ya tsaya wa ɗan dako, alaramma ya tsaya wa almajirinsa, a raba sashen mata da na maza, a fara da zawarawa masu marayu da tsofaffi.

Ya kamata kuma a bambanta hubusi da zakka. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, cikinsu akwai faƙirai da miskinai da masu bashi da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Ba a gina gidan hubusi da ita, amma ana ba magidancin da haya ta ci ƙarfinsa ya biya da hannunsa, wannan kuwa ya fi raba ta ƙanana-ƙanana a ƙofar gida ga taron da ba wanda za ta ishe shi abincin kwana biyu. Mai gidan haya kuma ya sani, a mazhabar Malik ba ya isar masa ya yafe wa ɗan hayarsa matalauci bashi sa'an nan ya lissafa shi cikin zakkarsa. Idan ya yafe, sadaka ce mai lada, zakkarsa na nan a kansa. Idan bai iya yafewa ba, ya karɓi haya wata-wata, ya kuma saurara wa wanda ke cikin ƙunci, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umurni game da mai bashi.

Abin da ake roƙo ga malamai shi ne su buɗe babin hubusi a zaurukansu da mumbarinsu kafin hunturu mai zuwa, kowane limami kuma ya san adadin marasa makwanci da ke salla bayansa, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Abin da ake roƙo ga attajirai kuwa shi ne kowanne ya dubi gidajensa ya fitar da ɗaya, ko ɗaki ɗaya, tun alƙalami na hannunsa, kafin ranar da masu rabon gado za su zauna a zaurensa su ƙidaya su ba tare da shawararsa ba.

Allah ya suturta wanda ya suturta bawansa, ya ba marasa makwanci mafita, ya sa a ji a kuma yi aiki da abin da aka ji. Wassalamu.