Filin Antinku: Jan Farce a Jikin Mota

Wata ɗaliba daga Boɗinga ta rubuto min cewa ta karce motar Yayanta da bokitin ƙarfe, ta shafe wurin da jan farce, yanzu barci ya gagare ta.

Haba ƙanwata! Jan farce rufin 'yan kwanaki ne. In karcewar ta kai ga ƙarfe, da damina ta sauka sai tsatsa ta ci ta ƙarƙashin fenti. A wanke wurin, ya bushe, a ɗiga fenti mai lambar launin motar, wadda galibi ke manne a bakin ƙofar direba. Masu fenti a Sakkwato suna haɗa shi.

Amma fara gaya wa Yaya gaskiya yau ɗin nan. Ƙarya ma tsatsa ce, a ɓoye take ci.

Sai fitowa ta gaba.