Buhun Masara Nawa, Buhun Wake Nawa?

A kowace shekara in jarrabawar WAEC da ta NECO sun ƙarato, sai ka ji 'yan makarantun sakandare na Jalingo suna kuka da wani reshe na aljabara, watau inda akan ba yaro layin lissafi biyu, kowanne ɗauke da abubuwa biyu da ba a san adadinsu ba, a ce ya fito da su. Kukan nan kuwa ba na wasa ba ne, domin wanda bai sami kiredit a lissafi ba, da wuya ƙofar Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, ta buɗe masa, balle ta sauran jami'o'in ƙasar nan. A ganina laifin ba na kan yaran ba ne. An raba su ne da kasuwa, aka haɗa su da baƙaƙen x da y, alhali kuwa iyayensu suna warware irin wannan lissafi kullum ba tare da sun san sunansa ba.

Bari mu buga misali, amma kada mai karatu ya ɗauki kuɗin da zan faɗa a matsayin farashin yau. A ce wani ɗan kasuwa a Jalingo ya aiki yaronsa Mutum Biyu sayen hatsi. Zuwan farko yaro ya kawo buhu 5 na masara da buhu 3 na wake, ya ce ya kashe Naira 440,000. Zuwa na biyu ya kawo buhu 3 na masara da buhu 2 na wake, a kan Naira 280,000. Bai rubuta kuɗin kowane buhu ba. To, yaya maigida zai gane?

Dabarar ita ce a kawar da ɗaya daga cikin abubuwan biyu, a bar ɗaya shi kaɗai. Da yaro ya yi zuwan farko sau biyu, da ya kawo masara 10 da wake 6 a kan 880,000. Da ya yi zuwa na biyu sau uku, da ya kawo masara 9 da wake 6 a kan 840,000. Ga shi yanzu wake ya zama daidai a duka biyun. In an ɗebe na ƙasa daga na sama, wake ya ɓace, saura buhu guda na masara, da Naira 40,000. Shi ke nan, kuɗin masara ya fito. Sa'an nan a koma zuwa na biyu: masara 3 sun ci 120,000, ragowar 160,000 ta wake 2 ce, watau kowane buhu 80,000. Mai hankali ba ya tsayawa nan, sai ya gwada amsar a kan zuwan farko: 200,000 da 240,000 sun ba da 440,000 cif.

Amma akwai wani wuri da malamai da yawa sukan tsallake saboda gaggawar gama manhaja, kuma nan ne amfanin abin ya fi yawa. Ba kowane layi biyu ne ke ba da amsa ba. A ce abin da maigida yake da shi shi ne zuwan farko, da wani zuwa na masara 10 da wake 6 a kan 880,000. Wannan ba sabon labari ba ne, na farkon ne aka ninka, ko ya kwana yana ɗebewa ba zai san kuɗin buhu ba. In kuwa yaro ya ce wannan zuwan 900,000 ya ci, to lissafi ya ƙi, babu farashin da zai gamsar da layukan biyu. Ko dai kasuwa ta tashi a tsakani, ko an yi kuskuren rubutu, ko kuwa Naira 20,000 sun bi wata hanya. Lissafi ba zai faɗa maka wanne ne ba, amma ya nuna maka inda za ka yi tambaya.

Hanyar nan tsohuwa ce ƙwarai. Tana cikin babi na takwas na wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263, kuma misalin farko na babin a kan dammunan hatsi yake. Turawa daga baya suka laƙaba mata sunan Gauss, Bajamushen da ya rasu a 1855. Ita kanta kalmar aljabara daga littafin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Da Larabci kalmar tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin na karaya.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su fara da buhu da Naira, sai yaro ya gane abin da ake kawarwa da dalilin kawar da shi, kana a kawo masa x da y.

Ga aikin wannan mako. Wata mata tana kiwon kaji da awaki, an ƙirga kawuna 30, ƙafafu 84. Kaji nawa, awaki nawa? Wanda ya aiko da amsa ya nuna mana hanyar da ya bi.