Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Sassaƙa Ƙarfe

'Yan uwana masu sana'a,

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ƙaramar lamba da muke yawan rainawa a jikin zane, wato sassaucin kusurwa. Mai zane ya rubuta rabin digiri, sai mu ce ai ba wani abu ba ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a aikinmu idon ma yana yaudara.

Kwanan baya wani yarona ya yanka faranti mai tsawon milimita 300, ya kauce da rabin digiri kacal. Da aka zo ɗaurawa, noti ya ƙi shiga raminsa. Muka auna, sai ga bakin farantin ya goce da milimita 2.6. Ƙarfen ya tafi a banza, yini guda ma haka.

Dalili kuwa shi ne kusurwa tana buɗewa ne da tsawo. Digiri ɗaya a kan milimita 100 yana haifar da gocewar milimita 1.75. A kan milimita 200 kuwa ta ninka. Lissafin ba wuya: ku ninka tsawon gefen da tan na kusurwar, kalkuletar wayarku ma za ta yi. Ku dai tabbata tana kan digiri. Idan da minti aka rubuta, ku tuna minti 60 ne digiri ɗaya, don haka minti 30 shi ne 0.5, ba 0.30 ba. Nan da yawa ke tuntuɓe.

Ku duba ƙa'idar ISO 2768, a ajinta na tsakiya. Gefen da bai wuce milimita 10 ba an yafe masa digiri ɗaya, wanda ya haura milimita 400 kuwa minti 5 kawai. Masu tsara ta sun san dogon ƙarfe ba ya ɓoye kuskure.

Saboda haka, kafin ku kunna inji, ku mayar da digirin zuwa milimita, ku rubuta da alli a jikin aikin, sannan ku bi shi da agogon awo daga wannan baki zuwa wancan.

Roƙona ga iyayen gida, don Allah ku zaunar da yaranku ku koya musu wannan lissafi tun kafin ku miƙa musu inji. Allah ya yi wa sana'armu albarka.

Wassalam,
Ɗan uwanku a sana'a.