Gwanin gudu yana shan ruwa, manomi ma ya sha

Akwai wata gasa da ake kira maraton, wato gudun famfalaki. Tsawonta kilomita 42 da mita 195. Wannan ya kai kashi ɗaya cikin uku na hanyar Dakoro zuwa Maraɗi. Gwanaye suna gama ta cikin awa biyu da ƴan mintoci. Ƴan Nijar ma sun shiga. A shekarar 1988, Abdu Manzo da Inni Abubakar sun yi wannan gudu a wasannin Olamfik na birnin Seul, a Koriya ta Kudu, kuma dukansu sun kai ƙarshe.

Mun kawo zancen gudu a shafin noma saboda jikin mai gudu da jikin mai hauya abu ɗaya suke fama da shi, wato zafi da ƙishirwa. Idan mutum yana aiki mai ƙarfi, jikinsa yana ɗaukar zafi. Zufa ce take sanyaya shi. Cikin rana mai zafi, mutum yana iya zubar da zufa lita ɗaya ko fiye a awa guda. In bai mayar da wannan ruwa ba, jini yana raguwa, zuciya tana wahala, zafi kuma ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Masu shirya maraton sun san haka. Shi ya sa suke ajiye ruwa a bakin hanya, kusan kowane kilomita 5. Gwani yana miƙa hannu ya sha yana gudu, ba wanda yake masa dariya. A shekarar 2019, a birnin Doha na ƙasar Katar, sai da tsakar dare aka fara gudun mata na gasar duniya don gudun rana. Duk da haka, cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su iya ƙarasawa ba. Ga su kuwa zaɓaɓɓu ne, sun yi wata da watanni suna horo, likitoci na biye da su.

To, mu dubi namu hali. Mu da muke zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci mun sha tsayawa wurin gayya. Ganga tana tashi, maroƙa suna kirari, samari suna tseren kai ƙarshen kunya. Wanda ya tsaya ya nemi gora sai a ce masa rago. Mun ga saurayin da ya yanke jiki ya faɗi, aka ce iska ce ta buge shi, alhali ƙishirwa ce da rana. A ganinmu wannan gori ya kamata a bar shi. Gonar da saurayi ya kwanta ciwo a kanta ba ta nomu ba.

Wani zai ce kakanninmu sun yi noma da kiwo haka nan, kuma ruwa yana da wuya a ƙasarmu, rijiyoyi da zurfi. Wuyar ruwa gaskiya ce. Amma wanda ya iya dama fura ya ciyar da ƴan gayya, yana iya aza tulu biyu a amalanke. Kakanni kuwa da asuba suke fita, su nemi inuwa in rana ta take. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a nan, lokacin sassabe da jan ruwan dabbobi ke nan.

Ga abin da muke roƙo. A fara aiki mai nauyi da sassafe. A sha ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba. A duba fitsari: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki yana neman ruwa. Wanda ya dawo daga cin rani ya soma aiki a hankali, domin jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aikin rana.

In mutum ya ji ciwon kai, jiri ko murɗawar jijiya, ya tsaya ya shiga inuwa. A dama masa ruwa mai tsabta lita ɗaya, da sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali. In ya soma sambatu ko ya suma, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a gaggauta kai shi gidan likita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Muna kira ga sarakunan noma da masu gayya da makaɗa: a saka lokacin shan ruwa cikin tsarin aiki, ganga ta tsaya, kowa ya sha. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.